Numfashi Ɗaya

Ƙarfe huɗu na asuba nake hawa tudu.
Jar fitilar coci na ci a kan tsibirin Jeju,
iska na kurɗawa ta ramukan katangar baƙin dutse.
Benci na uku, inda gwiwata ta saba,
nan nake ambaton sunanki, Inna,
yau shekara goma sha tara.

Yang Chun-ja, mai nutso.
Shekara hamsin kina shiga teku ba tukunyar iska,
gora na yawo a sama, wuƙa a ɗamara,
ki sauka gaba goma, ki ɓamɓaro katantanwa daga dutse,
ki fito da fito,
siririn fiton nan na ƙirjin da ya kusa fashewa.
Da shi aka biya kuɗin makarantata.

Ranar baftismata kin dafa mini miya, amma ba ki zo ba.
Da yamma na hango ki a gaɓa
kina ƙulla shinkafa a farar takarda
kina jefa wa Sarkin Ruwa:
ƙulli ɗaya da sunanki,
ƙulli ɗaya da nawa.

Na ce, Inna, ƙofar ɗaya ce.
Ba Fasto Mun ya sassaƙa ta ba, ba ni na ƙuntata ta ba.
Yesu ne, shi kaɗai,
ba shinkafa, ba turare, ba kyan hali.
Kika ce, "Teku faɗi gare shi, yarinya.
Kowane jirgi da hanyarsa,
duk kuwa a tasha ɗaya suke kwana."

Na ce, ai ke kika koya mini, ina 'yar takwas:
a ƙasan ruwa akwai hagu, akwai dama,
akwai kogo mai kyau da ke kiran mutum,
amma in numfashi ya ƙare hanya ɗaya ce, sama.
Wadda ta tsaya neman ƙarin katantanwa ɗaya,
gawarta ake janyowa.
Kika yi dariya har haƙorin azurfarki ya fito:
"Kin kama ni da ragata."
Kika ci gaba da wanke kayan nutso.

A asibitin Seogwipo, daren ƙarshe,
na sa bakina a kunnenki mai nauyi,
kunnen da zurfi ya cinye.
Na ce, ki kira shi, ko a zuci, yana ji.
Kika matse hannuna.
Amin ce? Ciwo ne? Ko cewa kike, bar ni in yi barci?
Na juya matsewar nan har ta sule kamar tsohon kwabo.

Duk shekara Tae-sik yana shirya teburin tunawa:
kifi, shinkafa, lemun gonarmu, hotonki a tsakiya.
Ni ke fere 'ya'yan itacen.
Yana kai goshi ƙasa, ina tsaye kamar turke.
Bara, muna wanke kwanuka, ya ce,
"To, Yaya, uwarmu tana waje ke nan?"
Ruwa ya yi ta zuba a famfo.
Ban ce e ba. Ban ce a'a ba.

Wata ƙawata ta ce in sassauta,
wai duk rafi teku yake nufa.
Da farcena zai iya faɗaɗa ƙofar nan,
da tuni yatsuna sun ƙare.
Amma ƙofar da na faɗaɗa da hannuna tawa ce,
kuma tawa ba ta kai ko'ina.

Don haka ina riƙe da abin da na gaskata,
yana yanka ni, ina riƙe.
Abin da ban sani ba shi ne
me ke wucewa tsakanin mutum da Mai Ceto
a tazarar nan daga ƙasan ruwa zuwa haske,
inda ba fasto, ba 'ya,
sai sauran numfashi ɗaya.

In an tashi addu'a ba na bin titi.
Ta gaɓa nake sauka.
Tsofaffin abokan nutsonki, saura huɗu,
suna shiga ruwa da gorunansu.
Nakan tsaya da takalma a hannu
har sai na ji fiton farko.